Masu Ɗora Wa Tsirkiya Laifi

Daga Gagarawa har Gumel ba kasafai ake ganin jitar lantarki a gidan biki ba. Gurmi da garaya da kalangu su ne 'yan gida, sai lasifikar DJ da ke neman korar kowa. Amma gardamar da masu jita ke tafkawa a Turai da Amurka, wai gajeriyar jita ba ta ɗaukar kiɗan sauri, ba baƙuwa ba ce ga makaɗanmu, kuma masu yin ta halinsu ɗaya ko'ina. Magana ta gaskiya, sauri a tsintsiyar hannu yake, ba a tsawon tsirkiya ba.

Shugabansu shi ne Sarkin Awo. Wannan bai taɓa raka mawaƙi har ƙarshen waƙa ba, amma ya haddace cewa tsirkiyar jitar Fender Jaguar ta 1962 da Mustang ta 1964 inci 24 ce, ta Stratocaster kuwa inci 25 da rabi. Inci ɗaya da rabin nan shi ne ya hana shi shahara. Da a Maigatari yake sana'a, da ranar Alhamis sai kasuwa ta watse yana auna ƙahon sa bai taya ba. Na biye da shi Mai Gumi, wanda ya ɗauka kiɗa dambe ne. Tun daga kafaɗa yake sauke hannu, yana dukan tsirkiya kamar mai sussuka, kafin a kai amshi na uku hannu ya sage, sai ya harari kayan kiɗan ya ce jabu aka sayar masa. Akwai kuma Ɗan Tsere, wanda kan bar mawaƙi da 'yan amshi a baya, ya isa ƙarshen waƙa shi kaɗai yana jiran tafi. Sauri ya haifi nawa, domin dole a koma farko. Mai Gyara kuwa ba a cika jin kiɗansa ba, kullum yana kan ɗaure tsirkiya, a sake shi ya ce zafin rana ne, a matsa masa ya ce hunturu ne.

Wani zai ce ai Sarkin Awo yana da hujja, kuma lallai yana da ita, rabi. Idan kauri ɗaya ne kuma murya ɗaya ake nema, gajeriyar tsirkiya ba ta kai doguwa ɗamewa ba. Tana da sako-sako, in aka dake ta da ƙarfi sai ta yi lilo, ta bugi wuyan jita, murya ta ɗan kauce. Sai dai maganin ba ya buƙatar taron gardama: a sa tsirkiya mai kauri, a rage duka, a bar tsintsiyar hannu ta yi aikin da kafaɗa ke ɓatawa. Ga riba ma, tazarar da yatsu ke tsallakawa ta ragu. Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana da Jaguar da Mustang ɗin ya riƙa tayar da ƙura, kuma ba wanda ya zarge shi da sanyin hannu.

A gida ma shaida ta fi ƙarfi. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa bai wuce gwangwanin kifi ba, amma wa ya taɓa jin karin ya yi nawa? Haruna Uji na Haɗejiya da gurmi ya cika ƙasar Hausa. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu ke zaga duniya da jitar lantarki, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. In an kawo wa Sarkin Awo waɗannan sunaye, yakan yi shiru jim kaɗan, sannan ya tambaya ko wayar birkin inci nawa ce.