Takarda Daga Liverpool: A Kwance Karen Gidan Kawu, a Damƙa wa Taubashi Igiyar

Takarda ta fito daga hannun ɗanku da ke birnin Liverpool na ƙasar Ingila, zuwa ga mutanen gida a Kurmin Mashi, Kaduna. Yana gaida Kawu, yana gaida Hajiya Babba da Inna, da yara baki ɗaya, da 'yan majalisar ƙofar gida masu zaman bayan La'asar. Taubashi kuwa gaisuwarsa tana nan a ajiye, sai ranar da ya biya kuɗin sharar da ake binsa. Amma a zaunar da shi kusa da mai karatu, domin rabin takardar nan tasa ce.

Bayan haka, labari ya iso ta WhatsApp cewa taubashi ya sake kai wa tela rigunansa a buɗa su. Hoton Babbar Sallah ma ya ba da shaida, don tumbin ya riga mai shi shiga hoton. An kuma ce an auna shi a asibiti, likita ya ce jininsa ya fara hawa. Wannan na ƙarshen ya hana ɗanku barci, shi ya sa ya zauna ya rubuto muku labarin Turawa da karnukansu.

Sana'ar ɗanku a nan kula da tsofaffi ce a gidajensu. Cikin waɗanda yake leƙawa akwai wata tsohuwa da ta haura shekara 80. Mijinta ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. Abokin zamanta wani ɗan kare ne fari, mai gashi buzu-buzu. A watan Disamba rana ba ta fitowa a garin nan sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Ga sanyi mai shiga ƙashi, ga yayyafin da ba ya gajiya. Duk wannan bai dami karen ba. Gari na wayewa zai ɗauko igiyarsa a baki, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kafe tsohuwa da ido kamar mai bin bashi ya sami wanda ya daɗe yana nema. Ba ya karɓar uzuri, bai san "sai gobe" ba. Dole ta zura rigar sanyi, ta sa takalmi, su kama hanyar lambun Sefton, wani makeken filin shaƙatawa mai tafki a tsakiya da aka buɗe tun 1872. Da yamma a sake.

Tsohuwar nan da ƙafarta take hawa bene. Ta san rabin mutanen unguwa, domin masu karnuka ba sa wuce juna sai sun tsaya sun gaisa, a tambayi lafiyar kare kafin a tambayi ta mai shi. Ranar da ba a gan ta a lambu ba, sai an ƙwanƙwasa mata ƙofa. A ƙasar da tsoho kan yini bai ji muryar kowa ba sai ta talabijin, wannan ba ƙaramin arziki ba ne.

Kada taubashi ya ce ai labarin tsohuwa ɗaya ne. Malaman Jami'ar Liverpool ɗin nan, ƙarƙashin wata mai bincike Carri Westgarth, sun bi gidaje a wata unguwa ta yankin Cheshire, suka fitar da sakamako a 2019. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Binciken ya nuna mai kare ya fi maras kare yiwuwar cika wannan adadi har ninki 4. Wani binciken na 2017, a kan 'yan shekara 65 zuwa sama a Birtaniya, ya ɗaura wa tsofaffi na'urar ƙirga taku, aka tarar masu karnuka suna ƙara tafiyar minti 22 a kullum, taku wajen 2,760 ke nan. A yankin Norfolk kuma, malaman jami'o'in East Anglia da Cambridge sun gano abin da ya fi ba ɗanku mamaki: masu fita da kare sun fi motsa jiki a ranar da ta fi kowace sanyi da ruwa, fiye da yadda marasa kare suke yi a ranar da gari ya fi daɗi.

Babban cikinsu shi ne na ƙasar Suwidin. Jami'ar Uppsala ta bi bayanan mutum miliyan 3.4, 'yan shekara 40 zuwa 80, har tsawon shekara 12, ta buga abin da ta gani a 2017. Cikin masu zaman kaɗaici, haɗarin mutuwa a tsakanin waɗannan shekaru ya ragu da kashi 33 cikin 100 ga wanda ke da kare. Ajali dai na Allah ne, kuma su kansu masu binciken sun faɗa cewa lissafinsu bai tabbatar da kare ne sanadi ba, mai yiwuwa masu ƙoshin lafiya ne tun farko suka fi ajiye shi. Sai dai akwai wani abu a ciki da ya kamata ya shiga kunnen Bahaushe: waɗanda suka fi tsira daga ciwon zuciya su ne masu karnuka irin na farauta, wato karnukan da ba sa barin ubangijinsu ya zauna.

To, a nan ɗanku yake son a fahimce shi. Babu wani magani a jikin kare. Maganin yana cikin ƙafa. Tafiya mai ɗan sauri, wadda za ta sa numfashi ya ƙaru amma mutum yana iya hira, tana sa zuciya ta ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini su saki, tsoka ta zuƙe sukarin da ke yawo a jini, barci ya yi nauyi da dare. Kowa ya san wannan, taubashi ma ya sani. Abin da ke gagara shi ne a tashi kullum a yi. Aikin kare ke nan, shi ne mai tasowa.

Turawa sun ɗauki abin da gaske har ya shiga doka. A birnin Turin na Italiya, a 2005 an kafa ƙa'idar cewa wanda bai fita da karensa sau 3 a rana ba ana iya cin sa tarar da ta kai yuro 500. A nan Ingila, tun watan Afrilu na 2016 dole a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi, in ba haka ba tara ta kai fam 500. Idan kare ya yi kashi a hanya kuma, mai shi ne zai kwashe. Za ka ga babban mutum da kwat da lakataye ya duƙa da leda a hannu, kare na tsaye yana jiransa ya gama. Wanda ya ƙi, tarar nan take takan kai fam 100, in an je kotu ta kai 1,000. Akwai ma masu cin abinci da wannan: a ba su karnukan ma'aikatan da suka tafi ofis, su zaga da su awa guda, a biya su fam 10 zuwa 15 kowane kare. Da taubashi zai sami biza, ga aiki nan mai biyan kuɗi yana rage tumbi.

Lokacin kullen korona a 2020 darajar kare ta kai ƙololuwa. A Sifaniya an hana kowa fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili, fita da kare kuwa yana cikin dalilan. Nan da nan maƙwabta suka shiga aron kare, wasu har haya suke bayarwa, 'yan sanda suka yi ta kama masu wannan ciniki. Kare ɗaya sai ya zaga unguwa da mutum biyar, ya dawo gida harshe a waje.

Ɗanku ya san abin da Hajiya Babba za ta ce in an zo nan: "A'uzu billahi, yaron nan ya je Turai ya koma ɗan kare!" A kwantar mata da hankali. Ɗanku bai ajiye kare ba, ba ya kuma sha'awar abin da yake gani na kwana da kare a gado ɗaya ko barinsa ya lashi baki. Yana sallarsa a garin da wani mai suna Abdullah Quilliam ya buɗe masallaci tun 1889, masallacin yana nan har yau. Kawu ya fi shi sanin cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, ta kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye shi ba bukata. Ya san a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau 7 bin umarni ne. Ya san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tafiya da kare kuma ba Bature ya koya mana ba. Mafarautan ƙasar Hausa da rani sukan yini a daji da karnukansu, Fulani makiyaya suna tafe karensu na gefen garke, Buzayen Azawak na Nijar da Mali suna da dogon karensu siriri wanda yanzu Turawa ke saye da tsada. A duba jikin tsohon maharbi a gani ko akwai tumbi.

Wannan ya kawo mu kan karen da ke bayan gidan Kawu, wanda aka kawo don gadi shekarar da ɓarayi suka matsa wa layin. Tun zuwansa yana ɗaure da sarƙa a gindin mangwaro. Duniyarsa ba ta wuce taku huɗu ba, nan yake ci, nan yake kwana, nan yake bayan gida. Sai a ce wai ya cika haushi, ya cika faɗa. Likitocin dabbobi sun daɗe suna faɗa cewa karen da aka ɗaure dare da rana, ba ya ganin mutane, ba ya shinshina ko'ina, shi ne ya fi saurin cizo ranar da ya kuɓuce. Gaɓoɓinsa sukan sandare, farcensa ya yi zaƙo-zaƙo, ƙuma da kaska su sami wurin zama. Dabbar da ke kwana ido biyu don mutanen gida su yi barci tana da hakki a kansu, kuma za a tambaye su.

Ga shi kuwa a gida ɗaya an tara biyu masu bukatar abu ɗaya: kare mai son fita an ɗaure shi, taubashi da ba a ɗaure ba ya ƙi fita. Mutumin da zuwa sayen kati a bakin Baifas sai ya tsayar da Keke. Mutumin da in an ce a je Panteka sai ya tambaya ko akwai mai a mota. Da aka yi gudun fanfalaki na Kaduna a 2020, a talabijin ya kalla, yana kishingiɗe yana ba masu gudu shawara.

Amma kafin a kwance sarƙa, a kai karen asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Wannan ba wasa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tashi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar, a Zariya kuma ga asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. A riƙa sabunta ta yadda likita ya ce, a ajiye katin. Wanda kare ya ciza, ko da karen gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen.

In an gama wannan, sauran mai sauƙi ne. A sayi igiya mai ƙarfi da abin wuya. A fara da zagayen bayan gida har kare ya saba, don wanda ya shekara a ɗaure ba a fitar da shi cikin jama'a rana ɗaya. Lokacin fita bayan sallar Asuba ne, kafin 'yan makaranta su cika layi, kafin kwalta ta yi zafi, domin a watan Maris da Afrilu takan ƙona tafin kare. A kauce wa ƙofar masallaci da inda mutane ke alwala, a riƙe igiya gajere idan an haɗu da yara ko awakin maƙwabta, a tafi da leda da gorar ruwa. Minti 30, kwana 5 a mako, an cika minti 150 ɗin nan na mako. 'Yan majalisa za su yi dariya kwana biyu, su raɗa wa taubashi suna, a bar su. Cikin kowane manya 3 a Nijeriya kusan 1 yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba, saboda haka wasu daga masu dariyar su ma layin asibiti ɗaya suke bi da shi.

Su Hajiya Babba da Inna, da duk wanda ba ya son kusantar kare, ba a ce lallai sai da shi ba. Kowa ya nemi wanda zai riƙa buga masa ƙofa da safe, maƙwabciya ko jika mai naci, a yi alkawarin da za a ji kunyar saɓawa. Kawu ya riƙa zuwa masallacin Juma'a a ƙafa idan ƙafar ta yarda. Matasa kuma Dandalin Murtala yana nan a buɗe da safiyar Asabar.

Taubashi ya ci gaba da shan maganin da likita ya rubuta masa, tafiya ba ta maye gurbinsa. Ya rage gishiri da dunƙulen miya. A auna jininsa ranar da zai fara fita, a sake aunawa bayan wata 3, a turo wa ɗanku lambobin duka biyu, tare da hoton kare da igiya a hannun taubashi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya bar zumunci. Haza wassalam.