Masu Duba Takarda a Zangon Kumasi

A Zangon Kumasi takardar ciniki ba ta barin shago sai ta bi hannuwa. Ko wasiƙar tunin bashi ce zuwa Legas, ko lissafin goron da za a loda zuwa Kano, ko takardar neman rumfa a sabuwar kasuwar Kejetia, maigida zai miƙa wa wani ya ce, "Ɗan duba mini wannan." Daga nan sai abin da Allah ya yi, don masu duban iri-iri ne.

Babbansu shi ne malamin gaisuwa, kuma yana da asali. Tun a 1817 Baturen nan Bowdich ya tarar da malamai Musulmi suna rubutun Larabci a fadar Sarkin Asante Osei Bonsu. Alhaji Umaru ma, Bakanon da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934, littafi guda ya wallafa a kan yadda ake tsara wasiƙa. Malamin namu rabin farko na wannan ilimi ya gada. Zai gyara zama, ya kafa tabarau, ya karanta layi biyu ya ɗago kai: "Haba Alhaji, dattijo kamar wannan ka kira sunansa gatsau? Ina gaisuwar iyali? Ina addu'ar kasuwa?" Kafin ya ajiye alƙalami, wasiƙar da ta fito neman kuɗin wata shida ta koma ta sada zumunci. Wanda ake bi zai karanta ta a Agege, ya ji daɗi har ransa, ya aiko amsa cewa shi ma yana gaida kowa da kowa.

Sai tsohon tica mai jan biro, wanda ya yi ritaya daga aji amma bai yi ritaya daga maki ba. Da yake Turanci ne harshen hukuma a Ghana, duk takardar da za ta je ofishin haraji ko majalisar birni ta hannunsa take bi. Farautar waƙafi yake yi. In ya ga kalma gajera mai sauƙi sai ya ji kamar an ci mutuncin makarantar da ya koyar, ya sauya ta da wata doguwa wadda mai sayar da takalma a Guangzhou zai kwana yana nema a waya. Zai mayar maka da takarda ta yi jawur, har da tsaki a gefe. Kwanan watan da ke sama kuwa na bara ne, bai gani ba, don wannan ba nahawu ba ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Baba mai tsohon kuɗi. A watan Yuli na 2007 Ghana ta yanke sifiri huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Gwamnati ta yanke a takarda, Baba bai yanke a ka ba. Har yau sidi 100 a bakinsa miliyan ɗaya ne. In ya ga 5,000 a rasit sai ya gyaɗa kai ya ce, "Miliyan hamsin, daidai." Lissafinsa bai kuskure ba. Bala'in yana zuwa ne ranar da yake faɗa yaro yana bugawa, yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin canjin, ya jera 50,000,000 cikin natsuwa. Baba ya duba, ya ga abin da ya faɗa aka rubuta, ya sa hannu. Idan kuma babu alamar kuɗi a gaban lambar, na Kano ya karanta da naira, na Yamai ya karanta da sefa, kowa ya tashi da nasa hawan jini.

Yaron nan shi ma mai duba ne, nasa salon daban. "Ba matsala, Kawu," ya ce, tun bai karɓi takardar ba. Ya ɗauki hotonta, waya ta gyara, ya tura ta WhatsApp kafin Kawu ya ajiye kofin koko. Wayar ba ta san unguwar Aboabo ba, ba ta san ta Asawase ba, sai ta liƙa musu sunan da ta ga dama. Mai kaya Issah ne a Ghana Card, yaro ya rubuta Isa yadda ake kiransa a masallaci, ga shi tun Yulin 2022 katin ne shaidar da bankuna ke nema. Sai a wuni a layi ana rantsuwa cewa mutum ɗaya ne.

Akwai kuma na kan benci, mai ihu bayan hari. An ba shi ya duba, ya ce lafiya lau. Ranar da mota ta sauke kaya a garin da ba shi ba, shi ne farkon cewa, "Wallahi na gani, na ɗauka da gangan ne."

Hajiya mai atamfa ba ta karanta Turanci, ba ta kuma damu ba. Cewa take, "Bar surutun, karanto mini lambobin." Jikarta na karantawa tana jan carbi, ba ka sanin tasbihi take ko lissafi, sai ka ji ta ce, "Tsaya. Turmi arba'in na karɓa, wa ya ce arba'in da huɗu?" Ba ta taɓa barin ko fesuwa ɗaya ta wuce ta ba, in dai ita za a cuta. Ranar da kuskuren ya faɗo ta gefenta kuwa, kunnenta yakan yi nauyi ƙwarai, ta ce wa yarinya ta ninke takardar haka nan, an kusa kiran la'asar.