Ɗan Haya Ya Tsere Wa Mai Gida

A tseren motoci na NASCAR a Amurka, ƙaramin kamfani kan je wurin babba da kuɗinsa, a ba shi gangar jikin mota da bayanan gwaji, har da zaratan da ke sauya taya cikin 'yan daƙiƙu. Ƙawance ake ce wa abin, amma ƙawance ne mai rasit.

Kamfanin Furniture Row na birnin Denba ya ƙulla irin wannan da Joe Gibbs Racing a 2016. An zaci zai riƙa bin baya cikin ladabi. Ina! A 2017 direbansa Martin Truex Jr., cikin mota mai lamba 78, ya lashe tsere 8, ya ɗauke kambun shekara. Wa ya zo na biyu? Kyle Busch, direban Gibbs ɗin da kansa. Ka ara wa maƙwabci doki ranar hawan sallah, ya riga ka isa ƙofar fada.

Ba a jima ba kuɗin ƙawance ya tashi, wani babban mai talla kuma ya janye. Ƙarshen 2018 Furniture Row ya rufe gareji. Truex kam bai sha wahalar neman aiki ba, Gibbs ne ya ɗauke shi a 2019, ya haɗa har da shugaban makanikansa, Cole Pearn.