Latas Ɗinku Ya Sha Magani

To, ku masu cewa "ai mun daɗe muna ci ba mu mutu ba", ku matso, yau da ku nake. Na ga har kun fara taɓe baki: wai ganye ma shan magani yake yi? Ƙwarai kuwa, ba ya ma jiran likita ya rubuta masa.

Akwai ƙwayar fluconazole da mata kan karɓo a kemis idan ƙaiƙayin sanyi ya dame su. Wajen kashi 80 cikin 100 na abin da aka haɗiya ta fitsari yake fita, yadda ya shiga. Daga nan sai kwata, kwata ta miƙa wa rafi. A Kano ku dubi Jakara mai kwashe ruwan unguwannin birni, a Zariya ku dubi Kubanni, sannan ku ƙirga lambunan latas da alayyafo da ke jere a bakinsu da rani. Ko a ƙasashen da ke tace ruwan kwata wannan magani kan tsallake matatar, balle inda babu ta.

Saiwa ta zuƙi ruwan ta tura sama, rana ta busar da shi ta 'yan ƙofofin ganye, maganin ya yi zamansa kamar gishiri a gindin tukunyar da ruwanta ya ƙone. Shi ya sa ganye ya fi tumatir tara shi.

Wa ya gani? A 2016 masu bincike a Isra'ila sun ciyar da mutane kayan lambun da aka shayar da tataccen ruwan kwata, sai ga ɓurɓushin carbamazepine, maganin farfaɗiya, a fitsarinsu. Hanyar ke nan, ko da maganin ya bambanta.

Hajiya, na ji ki, da ruwan gishiri kike wanke naki. Madalla, kada ki fasa, yana rage datti. Amma abin da ya shige jijiyar ganye, ko da soso kika dirza ba zai fito ba.

Kai kuma Malam, da har ka fara murnar samun magani kyauta a kwanon kwaɗo, koma ka zauna. Abin da ke cikin ganyen bai kai ƙurar ƙwaya ɗaya ba. Ba zai warkar maka da ƙyasbi ba, ba kuma zai kwantar da kai gobe ba. Abin da ke damun masana shi ne fumfunar da ke cikin ƙasa da ruwa tana lasar maganin kaɗan-kaɗan har ta saba da shi. A Holan feshin gona dangin wannan magani ya sa Aspergillus, fumfuna mai kama huhu, ta fara daina jin wasu magungunan asibiti. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na fumfuna masu haɗari.

Ni ban ce a daina cin ganye ba, kada 'yan lambu su yi mini taron dangi. Ragowar magani dai a daina watsa shi a kwata. In kun je kasuwar 'Yankaba, bayan "nawa ne ɗauri?" ku ƙara da "ruwan ina ya sha?" Mai kayan zai harare ku, ku dai tambaya.