Masu Zagaye Akwatin Kwalekwale

Duk masuncin da ya ajiye akwatin kayan gyara a kwalekwalensa a dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure ya zama rijiyar gari, kowa da gugansa.

Shugabansu Malam Ara-Mini. Shi ba ya gaggawa. Zai tsuguna ya gaishe ka, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya yaba katakon jirginka, idonsa kuwa na kan murfin akwati. "Yaya, ko da 'yar ƙusa biyu?" Ka miƙa. To ƙusa ba ta shiga da yatsa, sai guduma. Guduma na tafiya ya tuna ɓular tana son kwalta da tsumma. Kafin hantsi ya ɗinke jirginsa tsaf da kayanka, har da ƙorafin wai wuƙarka ba ta ci. Bayan wata ka hangi gudumar a hannun ƙaninsa, ka yi magana, a ce, "Irinta ce, a kasuwar Babura aka sayo." Ƙarshenta kai za ka je aro, ya ba ka yana gargaɗin ka dawo da ita da wuri.

Akwai mai robar taya: filafili ya tsage, roba, gora ta fashe, roba. Akwai mai "Allah na nan", ko zaren ɗinkin koma ba ya ɗauka. Ga Alhaji mai sufana da sukudireba a jirgin da ko inji babu, kifi ya rasa wurin kwanciya. Ni dai akwatina daidai misali yake. Filayar ciki ta wani mutumin Roni ce, kuma ranar da ya tambaya zan duba.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai ɗauke gwangwanin kwarfar ruwa ya zuba tanarsa ta fatsa, bai faɗa ba, sai ka kai tsakiyar dam ruwa na taɓa idon sawu ka laluba ka ji wayam. Ɗan'uwansa shi ne mai loda mutane da damina, ba gwangwani, ba igiya, ba rigar ruwa ko ɗaya. Kifewar jirgin Bagwai a dam ɗin Watari a 2021, wadda ta ci ɗaliban Islamiyya, ba nesa da mu ta faru ba. Irin wannan Sarkin Ruwa ya karɓe filafilinsa kawai.