Wasiƙa Daga Gonar Masu Shiru

Lesta, Ingila

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Ka tara mutanen gida a tsakar gida ka karanta musu wannan da ƙarfi, kuma kada ka tsallake inda aka ambace ka. Saƙon Inna ya iso. Kuɗin taki na turo. Maganar filin nan a bar ta sai na zo. Aiki lafiya lau, sanyi ya kama. Yaran da suke tambaya, e, nan ne garin da Ahmed Musa ya buga ƙwallo a 2016, amma ya tashi tun kafin in zo. To, ga labari.

Wani abokin aikina, ɗan ƙabilar Ibo kuma ɗan Katolika, ya ɗauke ni a mota zuwa bayan gari, kusa da Coalville, wani gidan 'yan zuhudu da ake kira Mount Saint Bernard. An kafa shi a 1835, shekara biyu kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno. Ginin dutse ne a tsakiyar gonaki, ciyawa kore shar, ga lambu, ga amyar zuma. Maza ne zalla, ba aure, ba cin nama, farar riga har ƙasa da baƙin mayafi a kai. Suna tashi ibada tun tsakar dare, kafin ladaninmu ya juya a kan tabarma, kuma sau bakwai suke taruwa addu'a a yini. Da can suna da shanun madara. Da madara ta daina biyan wahala suka bar kiwon, a 2018 suka shiga haɗa giya. Ni dai zuma na saya.

Duk wannan ba shi ne abin mamakin ba. Taubashi, mutanen nan ba sa magana! Ba kurame ba ne, ba faɗa suka yi ba. Shirun ne ibadar. Daga addu'ar dare bakin kowa ya rufe sai gari ya waye. Wurin cin abinci mutum ɗaya ke karatu, saura cokali kawai ke motsi. A da har maganar hannu gare su, don kada harshe ya wahala. Kuma Turawa na baro gidajensu, su sha mai, su zo su kwana a masaukin baƙi don su taya su yin shirun.

Na haɗu da wani dattijonsu a kan hanyar lambu, yana tura baro. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Gaisuwa ta ƙare ke nan. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba ya iyali, ba ya ruwa, ba ya muka ji da sauro. A garinmu Tursa mutum biyu su wuce juna haka, kafin la'asar maigari ya aika a kira su, ranar Juma'a kuma liman ya yi huɗuba a kan gaba.

Nan take na fara lissafin wanda zai iya zama a gidan nan cikinku. Gwaggo ba ta kai ƙofa. Matar da ke gaida mutum, ta gaida matarsa, ta gaida akuyarsa, sannan ta tambayi lafiyar ɗan akuyar da aka sayar bara? Kawu kuma sai dai a raba shi da rediyonsa da ƙarfin soja, kuma ko an raba su zai ci gaba da karanto labaran da baki. Jakinsa tun a ranar farko za a ba shi takardar sallama, don tumakin wurin nan ma da ladabi suke kiwo.

Kai kuwa, Allah ya jiƙan maza. Kai da ka taɓa yin cinikin buhun albasa a kasuwar Achida tun hantsi, har mai albasar ya rage maka kuɗi don kawai kunnensa ya huta. A rufe maka baki a gidan nan, kafin azahar cikinka ya kumbura, kafin magariba maganar ta fara fita ta kunne. Ranar da aka buɗe maka kuwa, daga Rabah har Goronyo ba mai jin kiran salla.

Abin da ya kai abokina wurin shi ne wani ɗan Najeriya da ya zauna a gidan, Fada Cyprian Tansi, mutumin Aguleri. Ya zo a 1950, ya yi aikin gona cikin wannan sanyi, ya rasu nan Lesta a 1964. Daga baya aka mai da gawarsa Anacha, kuma a 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Najeriya ya ɗaukaka darajarsa. Na tsaya gefe abokina yana addu'arsa. Addininmu daban, amma na san abin da ake nufi da mutum ya baro ƙasar rana ya zo nan ya daure. Kuma Malam zai gane su sarai, don abin da suke yi ɗan'uwan halwa ne.

Da lokaci ya yi na shimfiɗa rigar sanyina a gefen wata gona na yi la'asar, ba wanda ya ko ɗaga ido. Na zauna ina kallon mai aiki a lambu. Bai waiwaya daji ba ko sau ɗaya. Babur ya wuce a kan titi, gabansa bai faɗi ba. Ba wanda ya biya wani haraji kafin ya shiga gonarsa. Na tuna fadamarmu, na tuna yadda kuke barin gona da rana tsaka saboda 'yan bindiga. Wallahi abin da nake roƙa muku ke nan dare da rana: manomi ya duƙa ya tashi ba fargaba.

Shiru dai kada ku roƙa mini, ina da shi buhu-buhu a ɗakina, kyauta. Don haka ga umarni. A riƙe wa Gwaggo waya ta yi mini gaisuwarta cikakkiya, har da akuyoyin, kada a katse ta. Kawu ya turo labaran duniya da sharhinsa. In an samu mai zuwa, a haɗo daddawa da kuka da tafarnuwar Wurno.

Zumar kwalba biyu ce. Ɗaya ta Inna. Ɗayar taka ce, da sharaɗin ka yi shiru daga azahar zuwa la'asar a gaban shaidu biyu adilai. Na riga na gaya wa Inna ta shirya wurin ajiye kwalba biyu.

A gaida kowa da kowa, a sa ni a addu'a.

Ubangidanka na Ingila.