Farautar Kiɗan Bach a Kilomita Biyar

Duk wanda ya shiga kasuwar Kilomita Biyar a Bangui ya ce wa mai tura waƙa yana neman Bach, ya shirya jin tambaya: "Alhaji, ɗan Kamaru ne ko ɗan Kwango?" Sai ya yi haƙuri ya bayyana cewa Bajamushe ne, ya rasu tun 1750, kuma abin da ake so shi ne kiɗan da ya tsara wa harfsikod tare da 'yan goge a birnin Laifzig wajen 1738.

Harfsikod kakan fiyano ne. Tsirkiyarsa tsinkarta ake yi kamar ta garaya, don haka muryarsa siririya ce, kuma a nan duk wahalar take. Idan mai ɗaukar sauti ya yi sake, goge ya danne harfsikod ɗin, sai a ji ƙaras-ƙaras can daga nesa. Idan ya cusa makirfo cikin akwatin, sai ƙarar katako ta cika kunne. Ɗauka mai kyau ita ce wadda ake jin hannun dama da na hagu kowanne da zancensa, gogen kuma yana amsawa.

Mutumin Bangui bai kamata a koya masa wannan ba. A 1963 wani makaɗi mai suna Simha Arom ya zo garin don ya kafa ƙungiyar masu busa, sai waƙar mutanen Aka da ƙahonnin mutanen Banda Linda suka sace masa zuciya. Har dabara ya ƙirƙiro ta ɗaukar muryoyi ɗaya bayan ɗaya don kada wata ta ɓace cikin 'yan'uwanta. Kunnen da ya saba da irin wannan saƙa ya isa ya yi wa Bach alƙalanci.

To, mai nema ya haddace lamba, domin sunayen duk iri ɗaya ne. Masu lamba BWV 1052 zuwa 1058 su ne na harfsikod guda. Da 1052 ake gwaji: ya jira baiti na biyu mai tafiyar hawainiya, inda ƙarya ke ƙarewa. Sannan ya duba nauyin fayil kafin ya biya ko sefa ɗaya. Kiɗan ya haura minti 20. Idan an matse shi cikin megabait 3, an sayar masa da ƙashi ne, naman yana wani wuri. Wanda aka naɗo da saƙon murya daga lasifikar wata waya kuwa, ko kyauta ne ya ce na gode, ya wuce.

Sunan makaɗi ma abin tambaya ne. Trevor Pinnock da ƙungiyar English Concert a faifan Archiv sun riƙe kayan kiɗa irin na da. Mai son fiyano ya nemi Murray Perahia ko Angela Hewitt. Ƙungiyar Bach ta Holan tana da shirin All of Bach a YouTube, kyauta, da sauti tsaf, sai dai data za ta ji a jikinta.

Kada ya yanke hukunci a bakin titin Kuduku, tsakanin janareta da 'yan babur; ya koma gida ya sa abin kunne mai kyau. Idan kuma ya faɗa kan kiɗan mai fiyano Glenn Gould ya ji wani yana gunguni ƙarƙashin fiyano, kada ya kai wayar gyara. Gould ne da kansa, haka yake rera kiɗan a maƙogwaro yana bugawa.